Jawabin Ƙaddamar da Asusun Mayar da Tsohon Wasan Kwaikwayo Zuwa Opera



Maƙasudin wannan zama shi ne buɗe asusun da za a ɗauki nauyin sake ƙera ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin kwaikwayo na Hausa ya zama opera, kuma tun da ba a roƙon mutum ya sa hannu a aljihu kan abin da bai san kansa ba, ya kamata a fara da fayyace kalmar. Opera wasan kwaikwayo ne da akasari ake rera shi daga farko har ƙarshe, ta yadda gaisuwa da gardama da rantsuwa da kukan mutuwa duk cikin waƙa suke fitowa, yayin da ayarin makaɗa ke raka muryoyin daga wani rami a gaban dandamali. Ta samo asali ne a fadojin sarakunan Italiya wajen shekarar 1600, kuma sai a 1637 aka buɗe gida na farko a birnin Benis inda kowa zai biya kuɗin ƙofa ya shiga. Rubutaccen zancen da ake rerawa shi ake kira libireto, wato ɗan ƙaramin littafi da Italiyanci, kuma bisa al'ada mai rubuta shi daban, mai tsara kiɗan daban.

Misalin da ya fi dacewa da wannan taro shi ne na Othello, wasan da Shekisfiya ya rubuta a Ingila a farkon ƙarni na 17, labarin wani baƙin jarumi mai jagorantar sojojin Benis wanda muƙarrabinsa Iago ya yi ta hura wa wutar kishi har ya kashe matarsa Desdemona da hannunsa, alhali ba ta ji ba ba ta gani ba. A 1879, lokacin da Giulio Ricordi, mai kamfanin buga littattafan kiɗa a Milan, ya fara kwaɗaita wa mai tsara kiɗa Giuseppe Verdi aikin mayar da wasan opera, Verdi yana da shekara 65, ya yi suna, ya tara abin duniya, ya koma gonarsa, kuma rabonsa da sabuwar opera tun Aida, wadda mai mulkin Masar Isma'il Fasha ya biya shi faran 150,000 a kanta, aka nuna ta a Alƙahira a 1871. Wanda Ricordi ya haɗa shi da shi domin rubuta libireto shi ne Arrigo Boito.

Aikin Boito shi ne abin da ya kamata masu ba da gudummawa su fi zuba wa ido, domin mafi yawansa yanka ne. Jimlar da ɗan wasa zai furta cikin numfashi ɗaya, mawaƙi kan ja ta, ya karya ta, ya maimaita ta, saboda haka da za a rera wasan Shekisfiya yadda yake, mai layi kusan 3,500, da asuba ta riski 'yan kallo a kan kujeru. Boito ya rage shi bai kai layi 800 ba. Ya zubar da kashi na farko ɗungurungum, wato duk abin da ya faru a Benis, har da ƙarar da mahaifin Desdemona ya kai gaban majalisa, ta yadda da an ɗaga labule sai mai kallo ya tsinci kansa a bakin tekun Ƙubrus cikin guguwa da tsawa, jama'a sun yi cirko-cirko suna addu'ar jirgin Othello ya iso gaci. Abin da ake bukata daga tarihin soyayyar ma'auratan ya tattara shi cikin waƙa guda da su biyun ke rerawa a ƙarshen kashin farko na operar, sannan ya ƙara wa Iago wata ariya, wato waƙar da mutum ɗaya ke rerawa shi kaɗai don fito da abin da ke ransa, inda ya bayyana aƙidarsa ta mugunta da kalmomin da babu su ko kaɗan a littafin Shekisfiya.

Boito ya miƙa daftarinsa kafin 1879 ta ƙare, amma Verdi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai da suka gwada juna da gyaran wata tsohuwar operarsa, Simon Boccanegra, a 1881, sai a 1884 ya duƙufa kan kiɗan, ya kammala a ƙarshen 1886, aka nuna aikin a gidan La Scala na Milan ranar 5 ga Fabrairu 1887, yana da shekara 73. Ya kuma gindaya sharaɗin cewa yana da ikon janye aikin ko da bayan gwaji na ƙarshe ne, in bai gamsu ba, aka amince masa. A tsawon waɗannan shekaru Ricordi bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba, yakan dai aika wa dattijon da kek a lokacin Kirsimeti a matsayin tuni. Ba sadaka yake yi ba, ɗan kasuwa ne da ke cin riba daga bayar da hayar takardun kiɗa ga gidajen opera, kuma ya san hajar da yake jira. A daren da aka fara nuna wasan, jama'ar Milan sun kwance dawakin keken Verdi suka ja shi da hannunsu har masaukinsa.

Kuɗin da aka zuba a inda bai dace ba kuwa an ga ƙarshensa a New York a 1966, lokacin da aka buɗe sabon gidan Metropolitan da operar Samuel Barber da aka ciro daga Antony and Cleopatra, shi ma wasan Shekisfiya ne: an cika dandamali da kayan ado da ɗaruruwan mutane, na'urar juya dandamalin ta lalace tun a wajen gwaji, masu sharhi suka yi wa aikin kaca-kaca, har sai da aka sake masa fasali a 1975. Richard Wagner shi kuma alkawari ne ya ba shi kunya a Jamus, domin daga cikin takardun tallafi 1,000 da ya fitar don gina gidan operarsa a Bayreuth, kowace a kan tala 300, waɗanda aka saya ba su kai rabi ba, sai da Sarki Ludwig na Biyu ya ba da rancen tala 100,000 a 1874, kuma bikin farko na 1876 ya ƙare da bashin da ya sa gidan ya zauna a rufe har 1882.

An taɓa yin irin wannan yunƙuri a yankin Sahel, inda gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan ta tsaya wa operar Bintou Wéré, wadda Koulsy Lamko na Cadi ya yi aikin libiretonta, Zé Manel na Gini Bisau ya tsara kiɗanta, aka nuna ta a Bamako da Faris a 2007. Bambancin wannan asusu shi ne daga gida ake neman kuɗin. Kayan aiki ma suna nan: akwai Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, akwai Uwar Gulma, akwai Shaihu Umar da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma tsarin jagora da 'yan amshi ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Wahalar tana wani wuri. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, saboda haka idan kiɗa ya ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka, kalma kan sauya ma'ana, kuma daidaita goge da algaita da kalangu da muryoyi masu yawa a rubuce aiki ne na watanni kafin a kai ga gwaji. Ga kuma neman izinin magadan marubucin, da ciyar da mawaƙa da makaɗa duk tsawon lokacin gwajin.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa wa attajirai a fili. Ubangidan makaɗin fada, kamar Sarkin Gobir na Isa da Narambaɗa, kan ba da riga da doki, ya ji sunansa a bakin kotso tun yana raye. Mai tallafa wa opera sunansa ba zai shiga waƙar ba, iyakarsa shafin bayan takardar shirin taro, kuma yana iya shekara biyu ko uku bai ga komai ba sai marubuci da mai tsara kiɗa suna soke abin da suka rubuta jiya. Sanin kowa ne kuma cewa a tarurrukan ƙaddamarwa akan sanar da miliyoyi a lasifika, a yi tafi, a watse, sannan ma'aji ya shafe watanni yana sintiri a ƙofar gidajen mutane. Saboda haka roƙon da ake yi ga kowane mai niyya shi ne ya ambaci abin da zai iya cikawa, ya kuma faɗi watan da zai cika shi, domin da wannan lissafi ne za a sa hannu kan yarjejeniya da marubucin libireto, wanda shi ne ma'aikaci na farko da asusun zai ɗauka.

Yanzu ana gayyatar babban mai ƙaddamarwa ya taso ya buɗe asusun.