Hasashen Tsananin Zafi da Hadarin La'asar a Gaɓar Bahar Maliya: Abin da Ya Shafi Masu Umara



Gabatarwa

A watannin Agusta da Satumba, sa'ad da marka ke sauka a ƙasar Hausa, yankin Jidda da Makka yana fama ne da ƙarshen lokacin zafi. Abu biyu ke haɗuwa a can: zafi mai ɗauke da laimar teku, da hadarin da kan taso kwatsam da la'asar. Wannan takarda za ta duba yadda masana ke hango su, da inda hangen nasu ya tsaya, da abin da ya hau kan masu kula da jama'armu da ke zuwa ibada. Hujjar da zan kafa ita ce: zafi ana saninsa tun da sauran kwanaki, hadari kuwa sai ya kusa, saboda haka kowanne da irin gargaɗin da ya dace da shi.

Zafin da ma'auni ke ɓoyewa

Mutumin Sakkwato ko Agadas da ya saba da digiri 42 a watan Afrilu, in aka ce masa Jidda tana 38, zai ɗauka an samu sauƙi. A nan kuskuren yake. Jikin ɗan'adam yana zama a kusan digiri 37, kuma yana rage zafi ne idan gumi ya bushe a fata. A bazararmu iska busasshiya ce, gumi na fita tana shanye shi. A Jidda kuwa, ruwan Bahar Maliya kan haura digiri 30 a ƙarshen lokacin zafi, ya cika iska da laima, sai gumi ya yi ta tsiyaya ba ya bushewa. Riga ta jiƙe sharkaf, jiki bai huce ba, dare kuma bai kawo sanyin da za a huta ba.

Shi ya sa masana ke haɗa zafi da laima su fitar da abin da jiki ke ji. Digiri 40 da laima kashi 50 cikin ɗari, jiki na jinsa kamar 55, kuma a inuwa ke nan. Da zarar zafin cikin jiki ya wuce 40, mutum kan fara sambatu, ya rikice, ya faɗi, in ba a sanyaya shi da gaggawa ba a rasa shi. A Hajjin 2024 ma'auni ya kai 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum 1,301. Aikin Hajji yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana barin tsakiyar zafi, amma Umara ba ta tsayawa a waɗannan watanni.

Ɓangaren zafi yana da sauƙin hasashe. Zafi kan lulluɓe ƙasa mai faɗi, yana kuma tafiya a hankali, don haka kwamfutocin hasashe kan gano shi kwanaki kafin ya iso. Saudiyya ma ta kafa doka a kan zafin: daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3.

Yadda hadarin la'asar ke haɗuwa

Tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi. Da hantsi iskar kan tudu ke tashi sama, iskar teku mai laima ta kwararo ta maye gurbinta, ta ratsa filin Tihama, ta ci karo da duwatsun Sarawat, inda garin Ɗa'ifa ke zaune a tsayin da ya haura mita 1,600. Dole ta hau. Tana hawa tana sanyi, laimarta ta zama gajimare, kafin la'asar ya yi toroƙo ya wuce kilomita 10 a sama. Wasu ranaku iskar sama kan turo shi yamma, zuwa Makka.

Babban haɗarin shi ne iskar da ke faɗowa daga ƙarƙashinsa. Ruwan da ya zubo kan bushe tun a sama, ya sanyaya iska, ta yi nauyi, ta rikito ƙasa ta bazu da ƙarfi. Mun san irinta a gida: jar iskar da ke gabatar hadarin gabas a farkon damina tana yaye rufin kwano. Ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015, bayan la'asar, irin wannan iska ta kayar da ƙugiyar gini a kan Masallacin Harami, mutum sama da 100 suka rasu, har da 'yan Najeriya. Allah Ya jiƙansu. A 22 ga Agusta 2023 ma an ga hadari ya ruso a Makka, iska na jan masu ɗawafi, aradu na sauka a kan hasumiyar agogo.

Inda hasashe ya tsaya

Ana sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura sau biyu a rana, ta auna zafi da laima da iska a sama. Da wannan masani zai iya cewa da safe, yau akwai yiwuwar hadari. Abin da ba zai iya faɗa ba shi ne unguwa da sa'a. Manhajar cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wadda ke cikin mafi inganci a duniya, tana raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9. Hadari guda kuwa sau da yawa ba shi da faɗi sosai, kuma yakan tashi ya mutu cikin sa'a ɗaya. Sai ya fara haɗuwa ne rada da hotunan tauraron ɗan'adam ke kama shi, a lokacin gargaɗi na mintoci ne. Cibiyar Yanayi ta Saudiyya tana fitar da irin wannan gargaɗi da launin rawaya, lemo da ja. Matsalar ita ce yana fitowa da Larabci da Turanci a waya, tsohuwar da ta fito daga Gumel ko Tasawa kuwa tana tsakiyar sa'ayi.

Shawarwari

Na farko, malaman bita su koyar da bambancin busasshen zafi da zafin laima, su nuna alamun galabaita: jiri, ciwon kai, amai, rikicewar magana.

Na biyu, hukumomin alhazai, NAHCON a Najeriya da COHO a Nijar, su wajabta wa kamfanonin jirgin yawo su naɗa mutum guda a kowane ayari da zai duba hasashe da asuba da azahar, ya fassara shi da Hausa cikin saƙon murya.

Na uku, a tsara ɗawafi da ziyara bayan isha'i ko bayan asuba, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon suga. Lema da gorar ruwa su zama dole.

Na huɗu, a daina kai jama'a hawan Jabalun Nur da Saur da rana ko da la'asar. Duk wanda ya ji tsawa, aradu na iya cim masa: ya shiga gini, ya nisanci allunan talla da wuraren gini, ya jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Kammalawa

Ikon sama na Allah ne, kuma Shi Ya hore wa ɗan'adam ilimin karanta alamunta. Masana sun sauke nasu nauyin gwargwadon abin da na'ura ta iya gani. Giɓin da ya rage yana tsakanin ofishin hasashe da kunnen mai ibada, kuma cike shi bai buƙatar kuɗi mai yawa. Ina kira ga hukumomin alhazai da kamfanoni da malamanmu su sanya hasashen yanayi cikin shirin kowace tafiya, kamar yadda suke sanya biza da masauki.