Mafi Ƙarancin Albashi: Doka a Takarda, Hakki a Aljihu



A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, za a kuma riƙa sake duba shi duk shekara uku. Daga baya Gwamna Uba Sani ya amince da naira 72,000 a Jihar Kaduna. Mun yi maraba da wannan.

Sai dai sanarwa ba ta cika tukunya. Albashinmu na malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, ta hannun SUBEB. Idan aka ɗaga na ƙasa ba a daidaita sauran matakai ba, malamin da ya shekara ashirin a aji zai tsinci kansa dab da sabon ɗauka.

Mu mazauna Kakuri da Makera mun ga yadda aka rufe masaƙu, ma'aikata suka tsufa suna jiran hakkinsu. Mun san abin da shiru ke jawowa.

Kada kuma mu manta dokar ta tsame wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Malaman ƙananan makarantun kuɗi a Barnawa da Narayi, waɗanda da yawansu tare muka yi kwalejin ilimi, ba su da wannan kariya.

Saboda haka kowannenmu ya kawo takardar albashinsa ofishin reshe, mu gwada ta da matakinsa, mu kai ƙorafi da hujja a hannu. Allah Ya ba mu sa'a.