Gandu da Gayauna: Lacca a kan Tsara Lokaci



A katin gayyata an rubuta ƙarfe goma. Yanzu sha ɗaya da rabi ta gota, kuma abin da aka ce in yi magana a kai shi ne kiyaye lokaci. Allah Ya sa ba gatse aka yi mini ba.

Akan ce Bahaushe bai san darajar lokaci ba. Ban yarda ba. Kakanninmu sun yanka yini gunduwa-gunduwa tun kafin agogo ya shigo: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Mako ma da nasa tsarin: mai shanu ya san Juma'a ta kasuwar Wudil ce, Lahadi ta Mai'adua, ba wanda ke tuna masa. Lissafin "ƙarfe kaza" ya yi ƙarfi ne da zuwan ofis da makarantar boko da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Sai muka wayi gari da ma'auni biyu, kowa na fakewa da wanda ya fi masa sauƙi. In an ce ƙarfe huɗu, ya ce ai bayan la'asar ake nufi. Bayan la'asar kuwa tana iya kaiwa har ladan ya kira magariba.

Amma abin da na fi so mu duba yana gona. A tsarin gandu, maigida da 'ya'yansa da ƙannensa sukan yi aikin babbar gona tare, daga safe har wajen azahar. Bayan nan kowa ya nufi gayaunarsa, 'yar gonar da amfaninta nasa ne shi kaɗai. Da ita saurayi ke ɗinka riga, da ita yake tara abin aure. Dattawa sun gane cewa in gandu ya cinye yini duka, yaro ba zai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, shi ya sa suka yi wa gandun iyaka.

To, mu yau gandunmu ba iyaka. Aikin ofis gandu ne. Ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, dubiya, duk gandu ne, kuma hakki ne, ban ce a yar ba. Sai ga waya ta zo ta rushe ɗan shingen da ya rage: kana tsakiyar karatu wani ya kira don kawai ya ji lafiyarka, ka leƙa WhatsApp don saƙo ɗaya, ka ɗago kai sa'a ta wuce. Ɗalibar da ta shekara uku tana fama da kundin digirinta ba raguwa ba ce. Ku bincika, za ku tarar ba ta da gayauna ne.

Shawarata ita ce kowa ya yanki gayaunarsa, ko da sa'a ɗaya ce, ya ɗaure ta a jikin wata salla, domin salla ce alƙawarin da ba mu saba saɓawa ba. Ni na zaɓi bayan asuba. Baƙo bai fito ba, yara ba su tashi ba, waya tana wani ɗakin. Hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito shi, Sakhru al-Gamidi, ɗan kasuwa ne mai tura hajarsa da sassafe, har ya yi arziki.

Saura maganar cewa a'a, wadda ta fi mana wuya saboda kunya. Akwai wani tela a unguwarmu, yana da littafi mai bango ja. Duk wanda ya kawo ɗinki, sai ya yanki ɗan ƙyallen yadin ya maƙala da allura a shafi, ya rubuta suna da awo da ranar karɓa. Azumi na kaiwa sha biyar sai ya rufe littafin. Na taɓa kai masa shadda ran sha bakwai, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai." Na yi fushi, na kai wa maƙwabcinsa, wanda ba ya mayar da kowa. Ranar idi da tsohuwar rigata na je masallaci, shaddar kuwa sai bayan mako biyu na karɓo ta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Shugaban taro ya ba ni minti ashirin, na ga ya fara duba agogo, kuma azahar ta kawo kai.