Yadda Ake Cike Ramin Bututun Ruwa

Yau za mu yi magana a kan ramin bututu.

Mun sha ganin an haƙa rami siriri a gefen hanya, an shimfiɗa bututun famfo, an tura ƙasa da shebur, an tafi. Da damina ta sauka sai wurin ya lotsa. Jaki ya faɗa ya karye, bututu ya tsage, unguwa ta kwana ba ruwa. Laifin ba na bututu ba ne. Cikon ne ba a daɓe ba.

Dukanmu mun san yadda mata ke daɓen ɗaki. Sukan yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta kama. To, haka rami yake so.

Da fari mu zuba yashi mai kyau a gindin ramin, kamar inci 4, mu baje. Kada a bar dutse a ciki, don shi ke huda bututu. Sa'an nan mu kwantar da bututun.

Abin lura shi ne gefen bututu. Ramin matsattse ne, yashi ba ya shiga ƙarƙashi da kansa. Sai mu sami itace kamar taɓarya, mu riƙa cusa yashin, dama da hagu daidai, har ba sauran kogo. Bututun da ke kan kogo, nauyi kaɗan ke karya shi.

Daga nan mu riƙa zubawa kaɗan kaɗan, inci 6, wato bai kai taƙi guda ba. Mu jiƙa, mu daɓe, kana mu ƙara. In mun zuba da yawa gaba ɗaya, sama kaɗai ke kamawa. Kada mu buga da ƙarfi, ko mu ɗora injin daɓe, sai ciko ya kai ƙafa 1 bisa bututun.

Ruwa yana kwantar da yashi, amma laka sai ya mai da ita taɓo. Mu damƙi ƙasa mai laima. In ta watse yashi ce. In ta dunƙule tana danƙo laka ce, kada a malala mata ruwa.

Ran da aikin famfo ya zo garinmu, mu ne leburori, mu ne kuma masu shan ruwan. Ɗan kwangila zai tafi, mu muna nan. Saboda haka kada mu yi gaggawa.

Allah ya ba mu sa'a, amin.