Iyakar Jibiya da Mantuwar Turawa

Duk ɗan'uwan da ya ƙetaro Magamar Jibiya daga Maraɗi domin wannan taro ya taka layin da Ingila da Faransa suka shata a Landan a 1906, ba da shawarar Bakatsine ko ɗaya ba. Can kuwa har yau ana jayayya kan abin da za a koya wa yara. A 2005 majalisar Faransa ta wajabta koyar da alherin mulkin mallaka, sai da malaman tarihi suka yi ca aka soke sashen a 2006. Kisan da rundunar Voulet ta yi a Birnin Ƙonni a 1899 kuwa, jikokin mamatan ne suka riƙe labarinsa, baki da baki.