Haraji A Kan Riba Yake, Ba A Kan Ciniki Ba: Abin Da Doka Ta Yarda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Ya Cire



A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, biyu daga cikinsu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma a watan Janairun 2026. An yi ta magana a kansu a rediyo da majalisu, amma akwai haƙƙi guda da ba kasafai ake faɗa wa mai shago ba: harajin kuɗin shiga a kan riba ake ɗora shi. Duk abin da ka kashe domin kasuwancin kaɗai, kana da ikon cire shi kafin a yi maka lissafi.

A ce wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya yi cinikin naira miliyan 12 a shekara. Sarin kaya ya ci miliyan 9. Hayar shago dubu 600, sallamar yaran shago dubu 720, sannan man janareta da kuɗin wuta da na mota da 'yan dako suka tashi dubu 480. Ribarsa ke nan miliyan 1.2. Sabuwar doka ta yafe haraji a kan dubu 800 na farko, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Harajinsa dubu 60. To amma idan takardar sarin kaya kaɗai yake da ita, sai a ɗauka ya ci ribar miliyan 3, harajin ya koma dubu 330. Shago ɗaya, ciniki ɗaya, rashin rubutu ya cinye masa dubu 270.

Nan gizo ke saƙa. Aljihun teburin da ake zuba ciniki, daga shi ake zaro kuɗin cefane, da na makarantar yara, da gudummawar biki. Waɗannan doka ba ta ƙirga su cikin kuɗin kasuwanci, kuma da zarar sun cakuɗe da na shago, har halastaccen ma ya rasa shaida. Ɗan dako ba ya ba da rasit, haka ne, sai dai littafin da ake rubuta kwanan wata da suna da adadi kullum ya fi dogaro da ƙwaƙwalwa. Manyan kaya irin su janareta ko keken ɗinki, su ba a cire kuɗinsu lokaci guda, rarraba shi ake yi a kan shekaru, don haka takardar sayensu abar adanawa ce.

Mai shagon da bai yi rajistar kamfani ba, hukumar harajin jiharsa yake biya. Saboda haka roƙona gare ku ne, ma'aikatan hukumomin jihohi: ku buga takardun cikewa da Hausa, ku shiga kasuwanni ku yi wa mutane bayanin abin da za su cire kamar yadda kuke shiga karɓa. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, ku ɗauki akawu ko da guda ne a kowane layi, a haɗa kuɗi a biya shi. Alhaji, kafin ka rufe shago yau, ka sayi littafi, ka ware asusun shago daban da na gida.