Yaran ma'aikatan kamfani da tukunya



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sharaɗa ko Challawa da asuba ya san yadda ma'aikata ke tururuwa zuwa kamfanoni. Haka Bompai. Uba ya fita tun kafin gari ya waye, wata uwar ma tana aikin leda ko tsintar kaya, sai magariba za a ga juna. To wa ke ciyar da yaran? Kuɗi ake danƙa musu. Yaro kuma in ka ba shi kuɗi, biskit zai saya da alewa da lemon roba, in ya yi ƙoƙari ya je wajen mai shayi a soya masa Indomie.

Ni ban ce a daina cin Indomie ba, kar a je a ce na ce. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ma kada gishirin da yake ci a rana ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, na yaro kuma ƙasa da haka. Ku lissafa sinadarin da ke cikin leda, a ƙara dunƙule, kullum.

Shawarata, a koya wa yara girki, kuma a fara da abin da ba ya buƙatar wuta. Ɗan shekara bakwai zai iya tsince wake, ya gyara zogale, ya daka ƙuli. Uwa ta dafa zogalen da daddare, washegari shi da kansa zai haɗa kwaɗo da tumatir da albasa. In ya kai sha biyu, a tsaya a kansa ya koyi ɗanwake, wake da shinkafa, kunun gyaɗa. Gas da tafasasshen mai dai sai da babba a kusa, wannan ba wasa. Kuma ku lura, yaron da ya yanka ganye da hannunsa da wuya ya ture shi gefe a kwano.

Sai batun maza. Wallahi abin na ba ni mamaki: mai shayi namiji, mai tsire namiji, amma yaro ya taɓa muciya a gida sai a fara yi masa dariya. Shi ne kuwa gobe zai kama ɗakin haya a Sharaɗa, rabin albashinsa ya ƙare a wajen mai abinci.

Ranar Lahadi da yawancin ma'aikata ke hutu, a gwada girki ɗaya tare da yara. Ku rubuto mana abin da kuka dafa. Sai mako mai zuwa.